Garayar Nasara a Gidanmu

Har yau in na tuna daminar da na riƙe mandolin ɗin abokina, sai raina ya ɓaci sabo fil kamar jiya aka yi. Ni ban ci kayan kowa ba, ban zagi uban kowa ba. Kiɗa guda ɗaya na so in iya, kuma a cikin ɗakina.

Sana'ata gyaran waya ce a babbar kasuwar Garwa. Rumfata tana kallon layin masu hatsi, kuma a bakin layin ne abokin nawa yake kasa dawa da gyaɗa. Kirista ne, mutumin kan dutse daga wajen Mokolo, cikin masu saukowa da rani su yi kasuwa, in ruwa ya zuba su koma gona. Hausa ce ta haɗa mu. Tasa ta kasuwa ce, a karkace take, amma ba abin da ba ya iya faɗa da ita, musamman in tsiya zai yi mini.

Da tsakar rana, in zafin Garwa ya kori masu saye, sai ya tsallako rumfata mu sa tsohuwar kwamfutata a gaba. Akwai wani gem, wasan kwamfuta na ban tsoro, da muka nace wa. Mutum ne a cikin jirgin ruwa da ya lalace a tsakiyar teku, yana yawo da fitila yana neman hanyar fita, matuƙan jirgin kuwa duk sun mutu amma sun ƙi kwanciya. Ni nake riƙe maɓallai, shi aikinsa ihu da ba da shawarar banza. Ƙato ne mai ɗaga buhun dawa shi kaɗai, amma da ƙofa ta yi ƙara a cikin gem sai ya damƙe mini kafaɗa.

Kafin a fara wasan akwai kiɗan da yake tashi. A hankali yake farawa, sauti yana gangarowa ɗaya bayan ɗaya, can sai ya ɗauki kyarma, ya yi ta kyarma ba tsayawa. Ni kiɗan ya fi wasan kansa shiga raina, sau da yawa sai in ƙi danna komai don in ji shi ya kai ƙarshe. Ran nan abokina ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Wannan ai mandolin ce. Ina da irinta a ɗaki.”

Washegari ya zo da ita cikin jakar yadi. 'Yar ƙarama ce, cikinta kamar rabin ƙwarya, tsirkiyoyinta na ƙarfe bibbiyu a jere. Ta mahaifinsa ce, wanda ya yi shekaru yana koyar da addini a ƙauyensu, shi kuma wani fada na coci, Bature, ne ya bar masa. Da tsohon ya rasu ta dawo hannun abokina, da ita yake kaɗa wa mawaƙan cocinsu a Garwa. Duk ranin nan ya koya mini riƙo da matsa yatsu. Na yanka tsohon katin waya na yi abin kaɗawa. Ba zan ɓoye ba, na yi sha'awar abin nan ƙwarai, har ina jin haushi in ya mayar da ita jaka.

Da hadari ya fara haɗowa, ya ɗaure kayansa zai hau dutse, sai ya miƙo mini ita. Sobajo muke kiran juna, wato aboki da Fillanci.

“Sobajo, ka ajiye mini. Bara da na tafi da ita a bayan moto, babur ɗin hayan nan, saura kaɗan wuyanta ya karye, kuma ɗakinmu na can yana yoyo. Ka kaɗa in kana so, amma kada ruwa ya taɓa ta. Kirsimeti nake jira, ni ne a gaban koral, mawaƙan cocinmu, bana.”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gidanmu gidan ajiya ne tun kaka da kakanni. Ban yi ƙarya ba. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga ƙasar Kano, kuma a zauren gidanmu baƙin 'yan kasuwa suke barin kayansu su tafi, su dawo bayan shekara su tarar ko igiyar ɗauri ba a kwance ba. Da wannan sunan mahaifina yake sayar da yadi har yau.

Na kai ta ɗakina da yake jikin zaure, na fara. Kullum in na dawo kasuwa bayan la'asar sai in kunna kiɗan a waya, in saurara, in kashe, in gwada. Gangarowar farko ba ta ba ni wuya ba. Kyarmar ce bala'i. Dole hannu ya yi ta rawa a kan tsirkiya da sauri, daidai wa daida, ni kuwa nawa sai ya sanƙare a tsakiya. Sai in koma farko. In sake komawa. Na yarda, wanda yake jin wuri ɗaya ana maimaita masa kullum yana da hakkin ya gaji. Da wani ya leƙo ya ce na dame shi, wallahi da na ba shi haƙuri. Amma mutanenmu ba su iya gajiya da abu kawai ba, sai sun nemo masa asali.

Goggo ce ta fara. Yayar mahaifina ce, ta dawo gidan tun da mijinta ya rasu, kuma ba abin da yake motsi a gidan ba da saninta ba. Ta ɗaga labulen ɗakina ba sallama, ta tsaya tana kallon abin da yake hannuna.

“Kai, wa ya koya maka garaya?”

Na ce, “Goggo, ba garaya ba ce. Mandolin sunanta, ta Turawa ce.”

“To su Turawan ba su da iskoki ne?”

Na yi dariya, kuma dariyar nan ita ce wautata ta farko. A wurin tsofaffin unguwarmu, duk abin da yake da ƙwarya da wuya da tsirkiya, ana kaɗa shi a zaune ba waƙa, garaya ce, garaya kuwa ta 'yan bori ce, da ita ake kiran iskoki su hau mutum. An daɗe da daina bori a unguwar, amma kunnen Goggo bai manta ba. Ta ce kiɗan nan nawa ba na biki ba ne, ba na suna ba ne, tsigar jikinta tashi take in ta ji shi. Na ce ai don haka aka yi shi. Ta dube ni, ta ce, “Ka ji ko, da bakinka,” ta saki labule.

Ana cikin haka, matar maƙwabcinmu ta faɗi. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da tsakar gidansu. Tana daka da yamma, ni ina fama da kyarmata, sai na ji salati da gudu. An kai ta lopital, wato asibiti, likita ya ce juna biyu ne da ita, ga ƙarancin jini, ga shi ta wuni ba ta ci komai ba. Wannan bayanin bai kai ko bakin lungu ba. Wanda ya zaga unguwa shi ne cewa kafin ta faɗi ta riƙe kai ta ce, “Kiɗan nan yana shiga mini ƙwaƙwalwa.” To ina zai shiga? Ni ma da nake kaɗa shi nan yake shiga mini.

Mahaifina ba mai yawan magana ba ne. Ya bari sai ranar Lahadi bayan azahar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Ga modibbo, limamin masallacin unguwa. Ga mijin matar, yana ta hura hanci. Goggo tana bayan ƙofar cikin gida, ba a ganinta amma ana jin tarinta. Aka ce in kawo abin.

Ni da na ɗauki kaina mai wayo, na ce bari in kashe maganar gaba ɗaya. Na ɗauko kwamfuta na ajiye a gabansu, na ce, “Allah gafarta malam, wasa ne na yara da manya, ku gani da idonku.” Na kunna. Kiɗan ya tashi. Na danna, jirgi ya bayyana, na zagaya da mai fitila, sai ga wani matuƙi ya ɓullo daga lungu yana jan ƙafa, rabin fuskarsa babu.

Modibbo ya gyara tabarau ya matso. Mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga murya ba.

“Ɗana, wannan bawan Allah matacce ne?”

“Matacce ne, amma ba gaske ba ne, zane ne.”

“Na ji. Kiɗan ne yake tashe shi?”

“A'a, Allah gafarta. Kiɗan na buɗe wasan ne kawai. In an gama shi sai a shiga, sai su fito.”

Ya juya ya dubi mahaifina. “To, Alhaji, ai abin da ake faɗi ke nan. A yi kiɗa, su fito.”

Daga bayan ƙofa Goggo ta ce, “Yawwa!”

Na yi bayanin kamfani, na yi bayanin masu zane, na ce mutane ne suke zama a ofis su ƙirƙiro abin don a saya. Mijin matar ya ce to me ya sa ba su ƙirƙiro masu rai ba. Na ce akwai na ƙwallo, akwai na mota. Ya ce to me ya hana ni koyon kiɗan na ƙwallon. Wallahi har yau ban sami amsar da zan ba mutumin nan ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Mahaifina ya miƙa hannu ya ɗauki mandolin ɗin ta wuya. Na ga ya dubi dakalin siminti da yake bakin zaure, na gane abin da yake shirin yi. Fasa ta zai yi.

Na ce, “Baba, ba tawa ba ce. Ajiya ce.”

Hannunsa ya tsaya. Ya tambayi ta wa, na faɗa masa. Sai ya ajiye ta a kan tabarma a hankali, da hannu biyu, yadda yake ajiye turmin shadda mai tsada. Ya ce ajiya ba ta lalacewa a hannun ɗan gidan nan, ko ta wane ne, ko mece ce. Amma ba za ta sake kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. In nemo mata wuri, in kuma mayar wa mai ita yadda ya ba ni.

Na kai ta rumfa. Rumfar kuwa kwanonta duk huji ne, damina ta yi tsakiya. Na naɗe ta da leda, na naɗe da tsohon zane, na rataye ta a ƙusa ɗaya tilo da ruwa ba ya kaiwa. Duk sanda hadari ya taso ina gida, sai in hau moto in zo in duba. Na jiƙe ban san iyaka ba, ita ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Mai hankali da a nan ya haƙura da kiɗan. Ni kuwa taurin kai gadonmu ne, kuma zuciya ta ɗebe ni: an riga an yi mini sharri a kan kiɗan da ban ma iya ba, to gara in iya shi. A kasuwa ba hali, ido ya yi yawa. Sai na riƙa saɓa jakar da hantsi in gangara bakin Binuwai, can gaba da masu wanki, in zauna a kan dutse inda na tabbata ba matar kowa da za ta faɗi. Na ɗauka na yi dabara, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Masu wanki suna da ido, suna da baki, kuma gida-gida suke kai kaya. Kafin mako ya zagayo labari ya dawo unguwa cewa an kore ni daga gida na koma yi wa 'yan ruwa kiɗa. Wani ya rantse ya ga ruwa yana tafasa a gabana. Kogi ne a cike da damina, in bai yi motsi ba me zai yi?

Abin da ya ƙarasa ni wata mata ce. Ina cikin kwance wayar wani, sai ga dattijuwa ta durƙusa a bakin rumfa, ta ajiye ƙullin goro, da kwalbar turare, da jan zakara an ɗaure masa ƙafa. Ta ce daga Pitowa ta taso, ta gaishe ni da Fillanci.

“Jam na, Maigaraya? Ƙanwata ce iska ya kama tun bara, mun yi yawo mun gaji. An ce naka kiɗan na Nasara ne, har waɗanda ba sa jin Hausa suna amsawa.”

Na ce, “Dada, ni waya nake gyarawa. In tana da waya ki kawo. Ita kuwa ki kai ta lopital.”

Ta yi murmushi ta ce dama an gaya mata zan musa, na gaske ba sa yarda da farko. Na ɗaga murya, na ce ta kwashe zakaranta. Duk layin masu hatsi suka miƙe suna kallo. Mutanen kan dutse ne yawancinsu, 'yan cocin abokina, waɗanda ba su tafi noma ba, kuma Hausa ba ta ɓace musu ko kalma ɗaya. A lokacin ban kawo komai a raina ba, haushin zakaran da ya yi mini kashi a kan tabarma nake ji.

Cikin wannan hayaniyar ne kuma hannuna ya faɗa. Wata safiya a bakin kogi na shiga kyarmar, na jira inda na saba sanƙarewa, ban sanƙare ba, na wuce har ƙarshe. Na sake, ya sake fita. Na yi murna kamar yaro, na waiga in ga wa zan gaya wa, babu kowa sai wani mai wanki da ya tattara kayansa yana matsawa nesa.

Da aka yi girbi abokina ya sauko. Ya rame, ya yi baƙi, ya zo rumfata da ƙullin sabuwar gyaɗa. Tun da na ji labarin isowarsa na kwance mandolin ɗin, na goge ta da man zaitun, na ɗaure tsirkiyoyi daidai. Bayan mun gaisa na ɗauko ta da alfaharina na miƙa masa.

“Ga ajiyarka. Duba da kyau, in ka ga ƙwarzane ɗaya ka tsine mini.”

Bai miƙo hannu ba. Ya dube ta, ya dubi ƙasa.

Ya ce labarin ya bi shi har kan dutse, har mahaifiyarsa ta ji. Jiya da ya iso, dattawan coci suka kira shi. Sun ce an yi wa iskoki aiki da ita wata da watanni, an ga mata suna kawo mata zakara, ba za ta sake shiga ɗakin ibada ba. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana raba mutanen ƙauyensu da yanka wa duwatsu kaji, ba za su bari a shigo musu da abin ta ƙofar waƙa ba. Sun ba wani yaro mai gita gaban koral.

Na miƙe tsaye. “Kai ma? Kai da muka yi gem ɗin nan tare? Kai da kake ƙanƙame ni in ƙofa ta yi ƙara? Ai ka san wasa ne!”

“Na sani, sobajo. Amma ba ni kaɗai nake shiga cocin ba.”

Na ce to mu je yanzu, in ɗauki kwamfuta in nuna wa dattawan da idonsu.

Ya ce, “Da ka nuna wa naku, yaya aka ƙare?”

Na koma na zauna. Na zagi masu wanki, na zagi mai zakara, na zagi duk wanda ya taɓa buɗe baki a garin nan, Musulminsu da Kiristansu, da suka rasa abin da za su haɗu a kai sai wannan. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in riƙe ta, ta zama tawa, don in ya kai ta ɗakinsa ma matarsa ba za ta yi barci ba. Duk ranin da ya wuce ina kwaɗayin abin nan, ga shi an ba ni, kuma ji na yi kamar in jefa ta a kogi.

Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya.

“Ka dai iya kiɗan?”

Na ce na iya.

“To kaɗa mini. In ji abin da ya cinye mini mandolin ɗin babana.”

Na ɗora ta a cinya, a nan tsakiyar kasuwa, rana tsaka. Na gangaro da sautin farko, na shiga kyarmar. Mai shayin da yake gefenmu ya ja bencinsa baya. Wata mata da take auna gyaɗa ta ja ɗanta suka bar layin. Abokina yana tsaye bai motsa ba, idonsa a kan yatsuna, har na kai ƙarshe ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da tafin hannu.

“Ka iya,” in ji shi. “Wallahi ka fi na cikin gem ɗin.”

Ya tsallaka layi ya koma kan dawarsa, hannunsa ba komai.